FASHIN BAƘI: Guga ya cika, igiya ta tsinke: yadda canjin amino asid ɗaya ke jawo toshewar jijiya da hawan jini

Duk wanda ya zauna a zauren neman aure a Sandamu ko Daura cikin 'yan shekarun nan ya san akwai wata tambaya da kakanninmu ba su san da ita ba, wadda yanzu ake yi tun kafin a yanka sadaki: AA ne ko AS? Mutane sun ga wahalar sikila da idanunsu, sun ji kukan yaron da ƙasusuwansa ke sara da tsakar daren hunturu, saboda haka ba sa bukatar dogon wa'azi. A Kano ma tun 2024 gwamnati ta mayar da gwajin jini kafin aure doka.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙanƙantar abin da ke haddasa wannan ciwo. Kowane furotin da ke jikin mutum a jere yake kamar carbi, kuma 'ya'yan carbin su ake kira amino asid. Iri 20 ne, sai dai yadda aka jera su ne ke bambanta wannan furotin da wancan, tsarin jerin kuwa a rubuce yake cikin DNA, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana da wani sili mai 'ya'ya 146. A gurbi na shida, inda ya kamata a sami gulutamik asid, mai sikila balin gare shi. Vernon Ingram ne ya gano haka a Cambridge tsakanin 1956 da 1957. Ɗa ɗaya cikin 146, shi ke nan.

Irin wannan musanya tana faruwa a wasu furotin ɗin da dama, kuma akwai wani rukuni da ya kamata mai karatu ya sani, domin yana da hannu a cututtuka biyu da suka addabi gidajenmu: ciwon zuciya da hawan jini. Su ne furotin ɗin da ke zaune a bayan ƙwayoyin jiki, suna jiran a jawo su ciki.

Yadda ƙwayar jiki ke ɗiban abin da take so

Kowace ƙwayar jiki, ta hanta ce ko ta ƙoda ko ta fata, a lulluɓe take da wani siririn tantani na maiƙo. Ruwa da iska na iya ratsawa, amma manyan kaya ba sa wucewa haka siddan. Don haka ƙwayar takan kafa wasu furotin a jikin tantanin, waɗanda za mu kira makarɓa. Kan makarɓi yana waje, cikin jini ko ruwan jiki, gangar jikinsa ta ratsa tantanin, wutsiyarsa kuma tana cikin ƙwayar. Kowane makarɓi da abin da ya sani: wannan kitse yake kamawa, wancan sinadarin ƙarfe, wani kuma insulin.

Kamawa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne shigarwa. A jikin tantanin akwai wasu 'yan ramuka da ke lotsawa ciki, kamar ka danna yatsa a kwaɓin fulawa. Ta ciki, wani furotin mai suna kilatirin ne ke saƙa wa ramin kwando, ya yi ta zurfafa shi har bakinsa ya haɗe, ya tsinke ya zama 'yar jaka a cikin ƙwayar, ɗauke da makarɓan da kayansu. Abin ban sha'awa, a ƙwan sauro aka fara bayyana waɗannan ramuka, a 1964, lokacin da Thomas Roth da Keith Porter suke nazarin yadda ƙwan ke tara gwaiduwa. Ita kuwa Barbara Pearse ce ta tace kilatirin a tsakiyar shekarun 1970, ta raɗa masa suna.

Ramukan ba su wuce kashi 2 cikin 100 na faɗin tantanin ba. To ta yaya makarɓi ke sanin hanyar zuwa can? Amsar tana wutsiyarsa. Akwai wasu 'yan amino asid huɗu zuwa shida a jere da ke aiki a matsayin shaida. Wasu furotin 'yan tsakani suna gane shaidar, su riƙe wutsiyar da hannu ɗaya, kilatirin da ɗaya hannun.

Mutumin ƙasar Daura, wadda tarihinta ya rataya a bakin rijiyar Kusugu, ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Jini shi ne rijiya, ƙwayar jiki ita ce mai ɗiban ruwa, makarɓi shi ne guga, wutsiyarsa kuma igiya. Guga zai iya zama sabo fil, ba huji ko ɗaya, ya nutse ya cika maƙil. In igiyar ta tsinke, gidan zai kwana da ƙishirwa.

Yaron da gugansa ke cika amma ba ya fitowa

Kolestarol, wanda likitoci ke kira kitsen jini, ba abokin gaba ba ne a asalinsa. Da shi jiki ke gina tantanin ƙwayoyi, da shi ake haɗa ruwan matsarmama da wasu sinadaran jiki. Yana yawo cikin jini a wasu ƙunshi da ake kira LDL, kuma hanta ce ke kwashe mafi yawansu. Idan aka kasa kwashewa, sai su yi ta laftuwa a bangon jijiyoyi har hanya ta ƙuntace.

A farkon shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Dallas ta jihar Texas a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka duƙufa kan wata cutar gado da ke sa kolestarol ya yi tashin gwauron zabo tun daga yarinta. Suka riƙa ɗaukar 'yar fatar marasa lafiya suna renon ƙwayoyinta a ɗakin gwaji. Ta haka suka gano makarɓin LDL, suka kuma ga cewa yawancin masu cutar ko dai ba su da shi, ko kuma nasu ba ya kamu. Wannan ya yi daidai da hankali.

Sai ga wani yaro da suka sakaya sunansa da haruffan J.D., wanda suka ba da rahotonsa a 1976. Ƙwayoyinsa suna kama LDL, amma kayan ba sa shiga. Da abokin aikinsu Richard Anderson ya duba da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, sai ya ga makarɓan yaron a warwatse a bayan ƙwayar, kowanne riƙe da kayansa, ba su taru a ramukan ba. Yaron ya gaji kwafi biyu marasa kyau: daga ɗayan iyayensa wanda ba ya samar da makarɓi mai aiki sam, daga ɗayan kuma wannan mai kamawa ya tsaya.

Shekara goma aka yi kafin a san dalili. A 1986 aka karanta jerin, aka tarar cewa cikin amino asid 839 na makarɓin, guda ɗaya ne ya sauya. A gurbi na 807, a cikin wutsiya mai 'ya'ya 50 kacal, sistayin ya maye gurbin tayirosin. A 1990 ɗakin binciken nasu ya nuna cewa wannan tayirosin shi ne na ƙarshe a shaidar da ake rubutawa NPVY, kuma in babu shi, ɗan tsakani ba ya gane wutsiyar.

Don a ga girman asarar, sai a san cewa makarɓin LDL ba tafiya ɗaya yake yi ba. In jakar ta shiga, cikinta kan yi tsami, tsamin ya sa makarɓi ya saki kayansa, a tura kayan wurin narkarwa, shi kuma ya koma waje ya sake ɗiba. Zagaye ɗaya kamar minti 10 ne, kuma makarɓi guda kan yi zagaye fiye da 100 kafin ya tsufa. Musanyar ɗa ɗaya a wutsiya ta kashe duk waɗannan tafiye-tafiye. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A nan ko gugan ma bai hana ba, igiya ce ta ci amana.

Brown da Goldstein sun sami kyautar Nobel a 1985, tun kafin a warware zancen J.D. A 2001 kuma aka gano wasu iyalai, a tsibirin Sardiniya da Labanan, da makarɓansu lafiya lau suke tun daga kai har wutsiya, amma ɗan tsakanin da hanta ke amfani da shi ne ya lalace. Sakamakon kusan ɗaya ne.

Wannan cuta ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ƙiyasin duniya shi ne mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 yana ɗauke da kwafi ɗaya mara kyau, akasari a makarɓin LDL, ko da yake irin na J.D. ƙalilan ne a cikinsu. Mai kwafi ɗaya kan kai shekara 40 ko 50 kafin zuciya ta buga. Mai biyu kuwa tun yana yaro. A nan ne zancen auren zumunci ke shigowa, domin 'yan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar kuskure iri ɗaya daga kaka ɗaya. An ga haka ƙarara a 2016, lokacin da masu bincike a Boston suka bayyana wasu yara daga iyalai biyu, a Kuwait da Saudiyya, masu raunin garkuwar jiki. Nasu makarɓin na sinadarin ƙarfe ne, kuma a can ma tayirosin ɗin wutsiya ne ya sauya, a gurbi na 20. Fararen ƙwayoyin jininsu sun kasa shigar da ƙarfen da suke bukata don su hayayyafa su yaƙi cuta.

Inda kuskuren ya zama rahama

Ba kowace musanya ce musiba ba, kuma mafi kyawun misali ya fito ne daga jinin Afirka. Hanta na fitar da wani furotin mai suna PCSK9. Aikinsa shi ne ya manne wa makarɓin LDL a waje, ya bi shi cikin jaka, ya hana shi komawa, sai a tura su duka biyun wurin narkarwa. Wato shi ne mai yanke wa guga wa'adi. A 2003 masu bincike a Faransa suka sami iyalan da musanyar amino asid ta ƙara wa nasu PCSK9 ƙarfi, makarɓansu na ƙarewa da wuri, kolestarol na hawa.

Sai Helen Hobbs da Jonathan Cohen, su ma a Dallas, suka juya tambayar: akwai waɗanda nasu ya raunana? A 2005 suka same su, kusan dukkansu baƙaƙen fatar Amurka, kimanin biyu cikin kowane ɗari. A jikinsu an yanke jerin furotin ɗin kafin ya kai ƙarshe. A 2006 suka wallafa sakamakon bin diddigin baƙaƙen fata fiye da 3,000 na tsawon shekara 15: masu wannan gado LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kuwa ya ragu da kashi 88. An kuma sami ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye a tsakanin Yarabawa a nan Najeriya, da wasu mata a Zimbabwe, abin da ke nuna cewa daga wannan nahiya ya ƙetara teku.

Kamfanonin magani ba su yi sanya ba. A 2015 aka amince da allurai biyu da ke ɗaure PCSK9, suna kwaikwayon abin da wasu 'yan Afirka suka gada kyauta. Tsadarsu ta sa ba su zama maganin talaka ba, har a ƙasashen da suka ƙera su. Abin da ke hannunmu shi ne ƙwayoyin sitatin, masu araha, waɗanda ke sa hanta ta ƙara yawan gugan da take jefawa. Ga mai kwafi ɗaya lafiyayye, wannan kan yi tasiri sosai.

Ƙoda, gishiri da ƙofar da ta ƙi rufuwa

Wani lokaci ƙwaya kan jawo furotin ciki ne don ta dakatar da aikinsa, ba don ta karɓi kaya ba. Wannan ne ya fi kusa da mu.

Ƙoda na tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kullum, ta mayar da kusan duka, fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. A ƙarshen 'yan bututunta akwai wasu kafofi da sodiyam, sinadarin gishiri, ke bi ya koma jini, kuma duk inda sodiyam ya bi, ruwa na biye da shi. Jiki na daidaita hawan jini ta hanyar ƙara ko rage yawan waɗannan kafofi a bayan ƙwayar. In sun isa, wani furotin mai suna Nedd4-2 ya kama wutsiyar kafar, ya buga mata tambari, a jawo ta ciki. Wurin kamun shi ma gajeriyar shaida ce: furolin a jere, sai tayirosin.

A 1963 Grant Liddle na Jami'ar Vanderbilt ya ba da rahoton wata budurwa 'yar shekara 16 mai matsanancin hawan jini da ƙarancin fotasiyam, tare da 'yan uwanta masu irin wannan larura. Ƙodarta ta gaza daga baya, aka yi mata dashe a 1989, sai hawan jinin ya daidaita. Wannan ya tabbatar da cewa a ƙoda matsalar take. A 1994 ɗakin binciken Richard Lifton ya gano cewa a danginta an guntule wutsiyar kafar. Shekara guda bayan haka aka sami wani iyali da wutsiyar tana nan cikakkiya, furolin ɗaya ne kawai ya koma liyusin, amma cutar iri ɗaya ce. Kafofin sun yi ta taruwa a waje ba mai janye su, ƙoda na ta mayar da gishiri ko jiki bai nema ba.

A wurin J.D., rashin shiga ya hana aiki. A nan, rashin shiga ya hana a daina aiki.

Cikakkiyar cutar Liddle ba ta da yawa, kuma ba daidai ba ne a ce ita ce ke bayan hawan jinin da ya cika asibitocinmu. Amma likitoci sun daɗe da lura cewa hawan jinin baƙar fata ya fi saurin amsa gishiri, kuma sau da yawa sinadarin renin na jininsu kan yi ƙasa, wanda alama ce ta jikin da ya riƙe gishiri da ruwa. Wannan ya sa aka nemi ƙananan sauye-sauye a wannan kafa. A 1998 aka ba da rahoton wani mai suna T594M a tsakanin baƙaƙen fata mazauna Landan, inda ya fi yawa ga masu hawan jini, amma manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da alaƙar ba. A Afirka ta Kudu, Brian Rayner na Cape Town da abokan aikinsa sun bayyana wani, R563Q, a 2003. A 2017 kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi a Najeriya, Kenya da Afirka ta Kudu kan mutane kimanin ɗari da hawan jininsu ya ƙi jin magani. Waɗanda aka auna musu renin da aldosteron, aka zaɓa musu magani bisa sakamakon, sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, kuma wasunsu amilorayid aka ba su, maganin da ke toshe wannan kafa kai tsaye. Gwajin ƙarami ne, bai isa a gina doka a kansa ba, amma ya isa a ce a maimaita shi a Kano ko Katsina da mutane dubu.

Shi amilorayid ba baƙo ba ne a kemis ɗinmu. An daɗe ana sayar da shi haɗe da wani maganin sa fitsari a ƙwaya ɗaya. Sai dai yana tara fotasiyam a jini, kuma ga mai raunin ƙoda hakan na iya tsayar da zuciya. Ba maganin da za a saya don an ji labarinsa ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafi tukunyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Mai lissafi yakan tuna da gishirin miya, ya manta da dunƙulen ɗanɗano, ya manta da kanwa. Ita kanwa, duk da sunan da ake kiranta da shi a Turancin Najeriya yana sa a zaci fotasiyam ce, mafi yawanta sodiyam ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka danganta kumburin zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna dalilan sun fi haka yawa, amma nauyin sodiyam ɗin da ke cikin kanwa bai canza ba. Ƙodar da kafofinta ke jinkirin komawa ciki ita za ta fi jin wannan nauyi.

Abin da za a iya dubawa ba tare da karanta DNA ba

Manomi a Sandamu ba zai je a karanta masa jerin amino asid ba, kuma a gaskiya ba shi ne matakin farko ba. Wani ɓangare na matsalar ma ba tasa ba ce: a manyan binciken gado na duniya, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka ɗebi jininsu ba, alhali nahiyar ce ta fi kowace yawan bambancin gado. Labarin PCSK9 ya fito ne kawai don masu binciken Dallas sun sa baƙaƙen fata da yawa a lissafinsu da gangan.

Amma waɗannan cututtuka suna barin sawu a dangi, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin danginsa. Idan a gida ɗaya uba ya faɗi da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko uwa kafin 60, haka kuma baffa ko goggo, to 'ya'ya sun cancanci a auna musu kolestarol tun suna ƙanana, ko da sirara ne, domin wannan kitse ba ruwansa da ƙiba. Wasu alamun ana ganinsu da ido: kauri ko ƙulli mai tauri a agarar bayan ƙafa ko a jijiyoyin bayan hannu, da farin zobe a gefen baƙin ido ga wanda bai kai shekara 45 ba. Idan yaro ƙarami ne ke da ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa a gwiwa, gwiwar hannu ko tsakanin yatsu, wannan na gaggawa ne.

Haka nan saurayi ko budurwa da aka samu da hawan jini kafin shekara 30, musamman in akwai shanyewar ɓarin jiki da wuri a dangi, ko ana fama da kasala da ɗaurewar tsoka, ko an haɗa magani uku jinin bai sauka ba. Irin wannan ya kamata a auna masa fotasiyam da aikin ƙoda, gwajin da manyan asibitoci ke yi. In fotasiyam ya yi ƙasa ba tare da wani dalili ba, sai a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, a ga likitan ƙoda ko na zuciya. Kuma in an tabbatar da cutar a mutum ɗaya, kowane ɗansa, da kowane wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, yana da rabin yiwuwar ɗauke da ita, don haka ba shi kaɗai zai koma asibitin ba.